Awon Ciki Daga Zaure

A Tsamiyar Kabo, ƙauyen da ke gefen hanyar Zango zuwa Baure, babu sana'ar da Ɗanbaba Mai Caji bai taɓa yi ba, in dai a bakinsa za ka ji. In ana hirar mota, ya taɓa jan tirela har Agadas. In ana hirar shari'a, shi ya taɓa gyara wa wani alƙali karatu a gaban jama'a. In kuwa aka faɗa maganar asibiti, nan yake tura hula ƙeya ya gyara zama, don ya ce ya yi aikin asibiti a Daura. Kuma ba ƙarya ya yi ba: sati uku ya riƙe wa wani ɗan'uwansa mai gadi ƙofar asibitin, lokacin da ya tafi jinyar ƙafa. Sana'arsa ta zahiri dai ita ce rumfar kwano a gindin tsamiya, da ɗan janareta mai tari, da allon katako mai ramukan caji ashirin da huɗu.

A shekarar aka kawo wani shiri na kula da masu juna biyu. Raihana, malamar lafiya ta ƙauyen, ita ke bi gida-gida da jakarta, tana duba mata, tana auna jininsu, tana yi musu faɗan zuwa awo. Aka ba ta wata babbar waya mai shafawa. Duk mai ciki sai ta sa sunanta, da watanninta, da lambar wayar gidan. Daga nan sai saƙon murya ya riƙa shigowa gidan da Hausa, yana tuna musu ranar awo da abin da ya kamata a ci. Wadda ke lafiya sunanta ya fito kore, wadda ake jin tsoron lamarinta ya fito ja. A ƙarƙashin kowane suna kuma akwai wani jan maɓalli, in an danna shi motar asibiti ta taso daga Zango.

Ran wata Litinin da safe, ana tsakiyar cirar gyaɗa, Raihana ta tsaya a rumfar Ɗanbaba da jaka a kafaɗa.

"Malam Ɗanbaba, wayar nan ta daina shan caji. Ni kuma bita zan tafi Daura, sai Alhamis za mu dawo tare da shugabarmu, Hajiya Mardiyya. Za ta duba aikin ƙauyuka, wanda ya fi ƙoƙari a ba shi keken ɗaukar marasa lafiya. Ka gyara ka ajiye mini. Don Allah kada ka taɓa komai a ciki."

"Haba Malama! Ni za ki gaya wa sirrin asibiti? Kina goye nake wannan aiki."

Gyaran bai ɗauke shi minti biyar ba, ƙasa ce kawai ta toshe ramin, ya sa tsinke ya sakace ta. Da wayar ta kawo haske sai ya ce bari ya ɗan leƙa, leƙe dai ba taɓawa ba ne. Ya ƙirga sunaye, goma sha tara. Wani ɗan acaɓa da ke jiran caji ya ce ai ya ji ƙauyen da ke gaba da su suna da talatin da ɗaya.

Ɗanbaba ya miƙe tsaye. "Sha tara! A garin da ba a sati ba a yanka ragon suna ba? Yarinyar nan kunya ke hana ta aiki."

Nan take ya hango kansa a kan sabon keke, farar riga na kaɗawa, ana ba shi hanya a Zango ana cewa ga likita nan. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ya shiga gida ya ɗauko farar jallabiyarsa ta Juma'a, ya rage mata tsawo da almakashi, ya rataya igiyar sauraren waya a wuya kamar abin da likitoci ke kara wa ƙirji. Kafin ya fita ya lura suna ɗaya ja ne a cikin sha taran, Amatullah matar Maliki. Ya ga jan nan ya ɓata wa garin ado, kamar tabon manja a farar riga. Ya yi ta shafe-shafe har ya gano inda ake canzawa, ya mai da ita kore shar. Ya ce, "Ga mutum ɗaya na warkar tun ban fita ba."

Matsala ɗaya ce bai yi lissafi da ita ba. Kowace ƙofa a garin an rubuta mata "Ba Shiga" da gawayi ko da fenti, kuma tun da aka ƙaddamar da Shari'a rubutun ya ƙara kauri. Sai ya yanke shawara daga zaure zai yi aikinsa.

Ya fara da gidan Ɗantsoho, wani dattijon manomi mai nauyin kunne da saurin fushi.

"Salamu alaikum, masu gida! Awo ya zo!"

Ɗantsoho ya fito yana gyara ɗamara. "Awon me? Ni ko sussuka ban yi ba."

"Ba na hatsi ba, Baba, na ciki. Mata nawa ke da ciki a gidan nan?"

Ɗantsoho ya dube shi daga hula har silifa. "Kai ɗan wane ne?"

"Ni ne fa Ɗanbaba."

"Na san kai ne. So nake in tuna ko ubanka ya taɓa tsayawa a ƙofar wani ya yi irin wannan tambaya."

"Baba, zamani ne. Gwamnati ke son sani."

"To ka gaya wa gwamnati mai ciki ɗaya ce a gidana, ga ta can a turke tana tuƙa."

Ɗanbaba ya leƙa ta kan dangar zana, ya ga akuya ja mai farin goshi, cikinta har yana neman taɓa ƙasa. Ya yi ɗan tunani. Ciki dai ciki ne, kuma wayar ba ta tambayi yawan ƙafafu ba.

"Yaya sunanta?"

"Kyalla," in ji Ɗantsoho, don ya ga iyakar haukan.

Ya rubuta Kyalla Ɗantsoho, wata huɗu. Da ya sa shekarunta uku wayar ta ƙi karɓa, sai ya ƙara mata ashirin.

Gida na biyu na Hussaini tela ne, ango na wata shida, wanda ke ɗokin a kira shi baban wani. Shi kam da murna ya tarbe shi, har da shimfiɗa tabarma.

"Likita, to yaya za ka duba ta, ga shi ba shiga?"

"Wannan wayar da kake gani, ta bango take ɗaukar hoto. Irin ta biyu ce kawai a Jihar Katsina. Ce mata ta jingina da garu daga ciki."

Hussaini ya ɗaga murya ya isar da saƙo. Ɗanbaba ya kunna fitilar wayar, ya manna ta a jikin garu, ya cusa igiya a kunne, ya rufe ido. Can sai ya ji tim, tam, tim, tam. Matan maƙwabta ne ke lugude a turmi ɗaya, amma shi ina ya tsaya tambaya.

"Allahu Akbar! Zuciya biyu! Hussaini, gado ya bi gida, tagwaye ne!"

Hussaini bai tsaya ko ɗaukar hula ba, ya haye babur sai kasuwar dabbobi. Ƙurarsa ba ta kwanta ba aka ji muryar amarya daga ciki tana cewa, "Wai don Allah wa ke da cikin?" Ɗanbaba ya ce kunya ce irin ta ɗan fari, ya rubuta ta sau biyu tunda 'ya'yan biyu ne.

Kafin azahar ɗin Talata labari ya game gari. Duk zauren da ya dosa sai ya ji an turo ƙyaure. Wani ya sako masa kare, wata tsohuwa ta watso ruwan wanke-wanke ta kan katanga ta ce ba ta san da mutum ba. Ya dawo rumfa jallabiya na ɗigar ruwan kanzo, ya zauna yana kallon allon cajinsa. Wayoyi ashirin da huɗu a jere, kowace da lambarta. Ya yi murmushi.

"Ni da nake da gari duka a gabana, me ya kai ni yawon zaure?"

Duk wayar da aka kawo caji ran nan, mai ita ya samu ciki. Wanda ya biya da fara'a ya ba shi wata uku, wanda ya tsaya ciniki ya ɗora masa takwas.

Ran Laraba da hantsi Maliki ya tsaya a rumfar da fartanya a kafaɗa. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya son jayayya.

"Malam Ɗanbaba, an ce wayar Malama na hannunka. Ta ce mini lallai yau in kai mai ɗakina Zango, wai jininta ya yi ƙasa ƙwarai, ga haihuwa ta matso. To kuma jiya saƙo ya shigo yana cewa lafiyarta lau. Na rasa wanda zan bi."

Ɗanbaba ya san shi ya jawo saƙon, amma ya tuna gobe ake ƙirga, kuma ba ya son ko mutum ɗaya ta yi nisa da gari.

"Tsakanin mutum da na'ura wa ya fi sani? Duba nan. Wane launi ka gani?"

"Kore."

"To kore lafiya ke nan. Ni da hannuna na yi aikin."

"Amma fa tana yawan jiri, tafin hannunta fari fat."

"Alamar ɗa namiji ce. Haka muke gani a Daura. Je ka ciri gyaɗarka kafin ƙasa ta bushe."

Maliki ya yi godiya ya nufi gona, don dama gyaɗar na ransa.

Da la'asar saƙonni suka fara sauka a wayoyin da ya sa lambobinsu. Nagoggo, tsohuwar ungozomar garin, wadda rabin mutanen ƙauyen ita ta yanke musu cibiya, shekararta goma sha ɗaya da rasuwar mijinta, tana zaune a gidan biki cikin mata fiye da talatin. Wayarta kullum a kan babbar murya take saboda kunne. Sai ga wata murya mai daɗi ta cika tsakar gida:

"Barka da war haka, Nagoggo. Cikinki ya shiga wata na biyar. Ki riƙa cin ganye da wake, ki guji ɗaukar kaya masu nauyi."

Mai tuƙa tuwo ta tsaya da muciya a sama. Wata ta ce, "Ikon Allah." Wata ta tura fuska cikin mayafi kafaɗunta na rawa. Nagoggo ta miƙa hannu ta karɓi muciyar.

A daidai lokacin, a ƙofar masallaci, wayar Liman Maharazu ta shawarce shi a gaban mamu da ya riƙa kwana cikin gidan sauro don lafiyar abin da ke cikinsa.

Ɗanbaba na cikin ba 'yan acaɓa labarin yadda ya taɓa yi wa wani tiyata da fitilar hannu, sai ya hango Nagoggo tafe, mata na biye da ita kamar rakiyar amarya.

"Kai, ɗan Ladi! Ni ka yi wa ciki a waya?"

"Subhanallahi! Iya, gyara maganar, mutane na ji!"

"Su ji mana, ai sun riga sun ji! Ni da na wanke ka ranar da aka haife ka, kana tsala ihu kamar an taka ɗan kwikwiyo. Wata biyar! Wa ya yi shi? Faɗi sunansa!"

"Sabis ne, Iya. Sabis ne ya harɗe layi."

"To kai da Sabis ɗin ku shirya, gaban alƙali za mu a Zango. Ƙazafi bulala tamanin ne, ko an rage ban ji ba?"

Liman, wanda ya iso yana huci, ya ce, "Ba a rage ba."

Muciya ta taso. Ɗanbaba ya goce, ya zagaya tsamiya, ya sake zagayawa, wayar Malama a hannu yana kare kai da ita. A zagaye na uku babban yatsansa ya sauka a kan jan maɓalli. Sunan da ke buɗe a lokacin kuwa na Kyalla ne.

Ba a yi rabin awa ba aka ji jiniya. Motar asibiti ta shigo gari tana tsalle a kan kunyoyi, Kabiru direba na matsa oda, wata nas a gefensa riƙe da ledar ruwa. Suka ci burki a ƙofar Ɗantsoho, gari duka ya bi su.

"Ina Kyalla? An ce tana cikin hatsari!" in ji nas.

Ɗantsoho ya dubi motar, ya dubi jama'a, ya shiga gida. Sai ga shi ya fito janye da akuya.

"Ga ta. A bi da ita a hankali, haihuwarta ta biyu ce."

Dariyar da aka yi ran nan har da masu faɗuwa ƙasa. Kabiru kuwa bai yi dariya ba. Ya ce ya bar abincinsa a buɗe, ya kusa take ɗan mutane a hanya, saboda akuya. Ya rantse ko garin ne ya kama da wuta ba zai sake tasowa ba sai ya ji muryar Malama Raihana da kunnensa.

Aka tasa Ɗanbaba gaba zuwa wurin Mai Gari. Ya zube ya yi gaisuwa, sannan ya matsa kusa ya rage murya.

"Allah ya ba ka nasara, hassada ce kawai. A yanzu haka mun ninka kowane ƙauye a ƙasar Daura. Keken nan gobe a ƙofarka zai kwana."

Mai Gari ya shafa gemu, ya hango keke a ƙofarsa. Ya ce a yi haƙuri, a bar maganar sai mai waya ta dawo.

Ran Alhamis aka share ƙofar Mai Gari, aka shimfiɗa tabarmi, maza a gaba, mata daga gefe a inuwar katanga. Hussaini ya zo da ragunan suna biyu da ya sayo ya ɗaure a kusa, don baƙi su sa albarka. Da hantsi farar mota ta tsaya. Hajiya Mardiyya ta fito, doguwar mace mai tabarau, takardu a hannu, Raihana na bayanta fuska ba walwala.

Tun ba a gama gaisawa ba Ɗanbaba ya faɗo tsakiyar fili, an wanke jallabiya an sa mata bula.

"Ranki ya daɗe, ni ne Dakta Ɗanbaba, mai riƙon ƙwarya. Abin da aka kasa yi a shekara, na yi shi a kwana uku."

"Kai ne?" Hajiya ta sauke tabarau kan hanci. "Madalla. Tun jiya ofishinmu ke son ganinka. Mai Gari, gida nawa ne a garin nan?"

"Arba'in da ɗaya."

"Masu ciki kuma saba'in da uku."

"Albarka ce, ranki ya daɗe," in ji Ɗanbaba. "Ruwan rijiyarmu ne."

"To bari mu gaisa da su. Wadda ta ji sunanta ta amsa." Ta buɗe takarda. "Liman Maharazu, wata bakwai."

Liman ya ce, "Wa'iyazu billahi."

"Amadu Mai Faci, wata takwas."

Wani ƙato mai baƙin mai a hannu ya miƙe, ya dubi tumbinsa, ya koma ya zauna.

"Nagoggo, wata biyar."

"Ga ni, 'yar nan, har ya fara motsi," in ji Nagoggo daga inuwar katanga. "Uban cikin kawai nake jira a nuna mini."

"Matar Hussaini tela, sau biyu."

Daga cikin mata wata murya ta ce, "Wallahi ko ɓatan wata ban yi ba." Hussaini ya juya ya dubi ragunansa, raguna suka dube shi.

"Mai Gari Munzali, wata shida."

Mai Gari ya shaƙe da goron da ke bakinsa, sai da aka bubbuga masa baya. Ɗanbaba ya tuna ran Talata an kawo wayar fada caji. Ya fara laluben hanyar da ta fi kusa da gonakin dawa.

Raihana ba ta cikin masu dariya. Ta fizge wayarta daga hannunsa tana shafawa da sauri, sai ta tsaya cak.

"Wa ya mai da Amatullah kore? Malam Maliki! Ka kai ta Zango jiya?"

Maliki ya miƙe. "Likita ya ce na'ura ta ce..."

"Ina take yanzu?"

"Tana ɗaki. Tun asuba ta ce bayanta na ciwo, na ce ta ɗan kwanta."

Raihana ta yar da jakar takardu ta zura da gudu, Nagoggo na biye da ita da saurin da ba wanda ya san tana da shi. Ba a jima ba Raihana ta leƙo daga zauren Maliki, hannayen rigarta jina-jina.

"Naƙuda ce, kuma jini take zubarwa! A kira mota!"

Ta danna jan maɓalli, ta kuma kira Kabiru. Kowa ya ji amsarsa: "Yau kuma tunkiya ce?" Sai da ta daka masa tsawa ya gane muryarta, ya ce wallahi yana Baure da wata mara lafiya, ko ya tashi sama ba zai iso cikin awa guda ba.

Hajiya Mardiyya ta ce wa direbanta, "Juya mota, kai ta bakin ƙofa."

Aka fito da Amatullah a cikin bargo, mata huɗu na riƙe da ita, idonta a lumshe, leɓɓanta fari kamar ta ci alli. Ɗanbaba ya ga jinin da ke ɗiga daga gefen bargon yana faɗuwa a ƙasa ɗis, ɗis. Bai taɓa ganin irin wannan a ƙofar da ya yi gadi ba. Wannan dai ba sabis ba ne, shi ne.

Raihana ta juyo ga maza. "Za a nemi jini. Malam Maliki, shiga. Ina son mutum ɗaya ko biyu su ƙara, ko nasa bai dace ba."

Maza suka fara kallon juna. Shirun ya yi wa Ɗanbaba nauyi, kuma shi tun da yake bai taɓa iya barin shiru ya wuce ba. Kafin ya ankara bakinsa ya buɗe da kansa.

"Ai da a Daura ne, ni ake kira. Jinina irin na kowa-da-kowa ne, likitoci har layi suke..."

Bai ƙarasa ba Nagoggo ta cafki igiyar da ke wuyansa kamar an kama ɗan maraƙi.

"Alhamdu lillahi. Shiga mota."

"Iya, wai ina nufin a da, kafin in yi shawara..."

"Shiga, ko in ɗauko muciya."

A asibitin Zango aka wuce da Amatullah ciki a guje. Aka gwada jinin Maliki, bai dace ba. Aka gwada na Ɗanbaba, wanda aka soki yatsansa yana salati da ƙarfi kamar ana yanka shi. Ma'aikacin ya dawo ya ce, "Wannan ya yi." Karo na farko ke nan a tarihin Tsamiyar Kabo da Ɗanbaba ya faɗi magana aka auna ta aka same ta daidai, kuma ba wanda ya kai shi baƙin ciki da hakan.

Aka kwantar da shi a gado. Ma'aikacin ya ɓare allura.

"Tsaya! Wannan ta mutane ce ko ta shanu?"

"Ba kai ne dakta ba? Miƙo hannu."

"Ni a ɓangaren ƙofa na ƙware."

Ya ga tsinin allura na matsowa, ya ce "Inna lillahi," idonsa ya juye. A sume aka ɗebi leda guda. Da ya farfaɗo ya ga Maliki a tsaye a kansa yana share hawaye da hannun riga.

"Na mutu ne?"

"A'a. Ta sauka. Namiji. An ce da an ƙara rabin awa, da ba wannan maganar ake ba."

Raihana ta shigo, ta tsaya a bakin gado ta daɗe tana kallonsa.

"Malam Ɗanbaba, na ce kada ka taɓa komai."

Ɗanbaba ya tashi zaune. Ya ce, "Na tuba, Malama." Ita kanta sai da ta waiga ta ga ko wani ne ya yi maganar.

Keke dai ƙauyen gaba aka ba. Raihana ta kwana biyu tana goge maza daga jerin masu ciki. Maganar alƙali kuwa, Mai Gari ya tara dattawa aka roƙi Nagoggo da Liman, suka yafe bisa sharaɗin Ɗanbaba ya tsaya bayan sallar Juma'a ya faɗa da bakinsa cewa duk cikin da ya raba wa jama'a ƙarya ne. Ya tsaya ya faɗa, sai dai jawabin ya yi tsawon da har Liman ya sa aka kashe lasifika.

Ranar suna, an gama raɗa wa yaro suna an shafa fatiha, maza na zaune a ƙofar Maliki ana rabon goro. Ɗanbaba na tsakiya, ya naɗe hannun riga har kafaɗa don kowa ya ga filastar da ya ƙi cirewa kwana bakwai, har ta yi baƙi ta fara naɗewa.

"Leda huɗu suka ɗiba," yake cewa. "Likitan ya ce a tsaya haka, na ce ƙaro ta biyar. Ko gezau ban yi ba."

Nagoggo ta fito zaure rungume da jariri don wanzami ya yi masa aski. Yaron na tsala kuka tun ƙarfinsa, har jijiyar wuyansa ta tashi. Ɗanbaba ya nuna shi da alfahari.

"Kun gan shi nan? Jinina ne ke yawo a jikin uwarsa, shi kuma nononta yake sha. Duk abin da ya zama a duniya, da nawa a ciki."

Nagoggo ta dubi jaririn, ta dubi Ɗanbaba, ta gyaɗa kai a hankali.

"Ashe! Shi ya sa tun da aka haife shi bai rufe baki ba."